Suki da Mai Wurno: ta hannun wa tallafin gyaran shari'a ke isa ga Hausawan Sudan?

A watan Oktoban 2024 sojojin Sudan suka ƙwace garin Suki na jihar Sinnar daga hannun dakarun RSF, waɗanda suka shige shi a watan Yuli. Ga Hausawan da ke noma a ƙauyukan bakin kogin Nil Azrak, wato Shuɗin Nilu, komawa gida na zuwa da tsohuwar tambaya: wace takarda ce ke nuna gonar nan taka ce, wa kuma zai tsaya maka a gaban hukuma? Idan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya lafa, ƙasashe masu ba da tallafi za su dawo da shirye-shiryen gyaran doka da kotuna. Abin da ya faru a baya ya nuna cewa amfanin shirin ya dogara ne ga wanda aka bi ta hannunsa.

Baƙon da ya zo da kuɗin gyaran shari'a ba ya zuwa ƙauye da kansa. Yana bi ta ƙungiya mai rajista a Khartum, ita kuma ta nemi lauya, da tafinta, da matasan da aka koya wa dokoki a taron bita, sannan da umda ko shehin ƙauye. Tun 2004 hukumar UNDP ta yi irin wannan aiki a Darfur, inda ta horar da masu taimakon shari'a a sansanonin 'yan gudun hijira. Waɗannan masu shiga tsakani su ne ke juya yaren mai tallafi zuwa na manomi, su kuma juya kukan manomi zuwa rahoto.

A ƙarƙashin Umar al-Bashir, gwamnati ce ke zaɓar wanda zai iya wannan aiki. Dokar ayyukan sa-kai ta 2006 ta sa rajistar kowace ƙungiya da kuɗin da take karɓa daga waje a hannun hukumar HAC. Da kotun duniya ta ICC ta ba da sammacin kama Bashir ranar 4 ga Maris 2009, gwamnati ta kori ƙungiyoyin waje 13, ta kuma rufe uku na gida: SUDO, da Cibiyar Amal, da Cibiyar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Khartum. Baƙi suka hau jirgi, 'yan ƙasa suka zauna da jami'an tsaro. A Disambar 2012 aka rufe Cibiyar Al-Khatim Adlan. Duk ƙungiyar da ta tsira ta koyi inda za ta tsaya: a yi bita a kan haƙƙi, a guji ƙarar da za ta taɓa gwamnati. Masanin shari'a Mark Fathi Massoud, a littafin da ya fitar a 2013 kan doka a Sudan, ya nuna yadda ake koya wa talakawa haƙƙoƙin da kotunan gwamnatin ba su shirya ba su ba.

Matsalar Hausawa kuwa tana cikin abin da ake gudun taɓawa. Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya nufi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu sun zo a hanyar Hajji, wasu sun yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Amma dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, da ta 1957, sun ɗauki ƙarshen 1897 a matsayin iyaka, wanda kakansa ya zo bayan haka sai ya nemi alfarma. Dokar 1994 ta matso da iyakar zuwa 1 ga Janairun 1956, sai dai a ofis har yanzu akan buƙaci shaidar dangi ko ta shugaban gargajiya. Ga kuma dokar 1970 da ta mayar da duk filin da ba shi da rajista mallakar gwamnati, ta bar manomi da dogaro da bakin mai sarauta.

Shi ya sa mai shiga tsakani mafi nauyi a karkara shi ne wanda hukuma ta amince da sarautarsa, a tsarin da ake kira Idara Ahaliyya. Numairi ya rusa tsarin a farkon shekarun 1970, gwamnatin Bashir ta farfaɗo da shi tana raba sarautu ga waɗanda take so. Wanda ke cikinsa shi ake gayyata taron sulhu, shi mai tallafi ke zama da shi idan ya ce ya tuntuɓi al'umma.

Gyaran da aka yi bayan faɗuwar Bashir a 2019 bai kai nan ba. An soke dokar ɗa'ar jama'a a Nuwambar 2019. A Yulin 2020, lokacin ministan shari'a Nasruddin Abdulbari, an soke hukuncin ridda, an haramta kaciyar mata. Ƙasashen Yamma sun yaba. Batun fili da na takardar ɗan ƙasa suna nan yadda suke har juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, lokacin da Amurka ta dakatar da tallafin dala miliyan 700.

Wata tara bayan haka, a Yulin 2022, rikici ya tashi a jihar Nil Azrak bayan Hausawa sun nemi a ba su masarauta tasu aka ƙi. Maƙwabtansu na ganin sarauta tana tafiya da mallakar ƙasa. Sama da mutum 100 suka mutu a wannan watan, fiye da 150 kuma a yankin Wad al-Mahi a watan Oktoba, dubbai suka gudu, wasu zuwa jihar Sinnar. A ƙarƙashin rikicin akwai tambayar wa hukuma za ta saurara da sunan jama'a, tambayar da tarukan bita na shekaru suka kewaye.

Bai kamata a ɗora wa masu shiga tsakani laifin duka ba. Da dama sun fitar da mutane daga kurkuku, sun kai ƙorafin mata gaban alƙali, wasu sun sha ɗauri a kan haka. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: albashinsu daga mai tallafi, izininsu daga gwamnati, manomin da ake aikin dominsa ba shi da abin riƙe su. Masu karatu a Nijar sun ga irin wannan a Nuwambar 2024, da hukumomin soja suka janye izinin ƙungiyar Acted ta Faransa tare da APBE ta gida.

Ga Hausawan Suki da Mai Wurno, da 'yan uwansu a Cadi, Kamaru da Gana, akwai abin auna kowane shiri da zai zo. Masu taimakon shari'ar 'yan ƙauyen ne da ke jin Hausa, ko an turo su daga birni? Ana ƙidaya takardun ɗan ƙasa da na gona da aka samo, ko yawan waɗanda suka zauna a bita? Wane tanadi aka yi wa ma'aikacin gida ranar da aka rufe ofis? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka al'ummomin da suka fara tattara takardunsu da shaidun gonakinsu tun yanzu, suka zaɓi wakilansu da kansu, za su shiga tattaunawar da abin da za su ajiye a kan tebur.