A Koya Wa Yaran Kura Da Bunkure Turanci Daga Bakin Gonarsu

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani, da ya wuce Kura zai ga abin da zai faranta masa rai. Ƙasa ta bushe ko'ina, amma nan dama da hagu kore shar, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir da albasa da masara. Wannan albarka ta samu ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwanta ta manyan magudanu zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na aikin an tsara shi ne ya shayar da kadada 22,000, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa, wadda aka kafa a 1976, ita ce ke riƙe da shi.

To, yau ba zancen shinkafa ya kawo mu ba, zancen 'ya'yan manoman ne da ke makarantun sakandare na wannan yanki, da yadda ake koya musu manyan kalmomin Turanci. Muna so mu yi magana da malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi, watau magadan waɗanda iyayenmu ke kira ma'aikatan En'e, domin gyaran yana hannunsu.

Kowa ya san cewa yaron da bai sami kyakkyawan sakamako a Turanci ba a jarrabawar WAEC ko ta NECO, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da kuwa ya fi kowa iya lissafi. Amma asarar ba ta tsaya nan ba. Bayanin da ke jikin kwalbar maganin feshi da Turanci yake. Takardar rance ta banki, da yarjejeniyar da ƙungiyar manoma ke sa wa hannu, da rahoton masu bincike, yawancinsu da Turanci suke. A 2016, sa'ad da tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, manoma sun yi ta neman magani ido rufe. A irin wannan rana, gidan da ke da ɗan sakandare wanda zai iya karanta awon magani daidai ya fi gidan da ba shi da shi. Kuskuren awo kan ƙone shuka, ya cinye kuɗi, wani lokaci ma ya taɓa lafiyar mai feshin.

Yaya ake koyar da kalmomin a yanzu? Mun taɓa shiga wani aji a wannan yanki, muka tarar malam ya cika allo da dogayen kalmomi kamar ashirin, kowace da abokiyar ma'anarta da kishiyarta, yara suna bi suna rerawa. Bayan an tashi muka miƙa wa wani yaro mai ƙwazo wata takardar bayanin takin zamani, muka ce ya gaya mana abin da ta ce. Ya karanta da murya mai daɗi, bai yi tuntuɓe ba, amma da aka zo ga ma'ana sai ya sunkuyar da kai. Abin mamaki, yaron nan tun yana ƙarami yake zuba taki a gonar ubansa. Aikin ya sani, kalmomin ya haddace, ba a dai taɓa haɗa masa su wuri ɗaya ba. Wannan shi ne rashin sani, kaza ta kwana kan dami.

Ba mu ga laifin malamin ba, domin shi ma haka aka koya masa, ga kuma aji cike maƙil, ga ƙarancin littattafai. Laifin na wata tsohuwar fahimta ne da ta daɗe tare da mu, cewa wai gwanin Turanci shi ne mai kawo kalmar da ba wanda ya sani. Mu a ganinmu gwani shi ne wanda ya san kalmar da ta dace da wurin, ya fahimce ta in ya gamu da ita, ya kuma iya sa ta cikin tasa maganar.

Masana sun daɗe da auna wannan al'amari. A 1953 wani Bature malamin makaranta mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi yawo cikin Turancin yau da kullum. A shekarar 2000 kuma wata malama a ƙasar Niyu Zilan, Averil Coxhead, ta bincika littattafan jami'a na fannoni daban-daban, ta tsamo iyalan kalmomi 570 da ke ta maimaituwa cikinsu, ko na shari'a ne, ko na kimiyya, ko na ciniki. Waɗannan su ne tsani tsakanin Turancin hira da Turancin ilimi. Cikinsu akwai source, da distribute, da allocate, da maintain, da estimate, da ratio, da sector.

Yanzu mai karatu ya dubi waɗannan kalmomi bakwai, sa'an nan ya dubi gonakin Kura. Source, watau mafari ko tushe: ina mafarin ruwan nan in ba Tiga ba? Distribute, watau rarrabawa: aikin ƙananan magudanu ke nan, waɗanda injiniyoyi ma da Turanci daga wannan kalma suka ciro sunansu. Allocate, watau keɓe wa kowa rabonsa: abin da ake yi ke nan ranar da aka ce yau ruwan waɗannan gonaki ne, gobe na waɗancan. Maintain shi ne yashe magudana da gyaran ƙofar ruwa. Estimate shi ne abin da uban yaro ke yi in ya tsaya bakin gona ya ce bana za a sami buhu kaza. Ratio shi ne murfi kaza na magani cikin ruwa kaza. Sector kuwa shi ne sunan da aka ba kowane yanki na aikin. Ashe yaron Bunkure ya riga ɗan birni sanin ma'anar waɗannan kalmomi, sunansu na Turanci kaɗai ya rage masa. In an fara daga nan, sai a ɗauke shi a kai shi gaba: yadda ake rarraba ruwa haka ake rarraba kuɗin ƙasa tsakanin jihohi, kalmar ɗaya ce.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu.

Ta fari, a rage yawa, a ƙara maimaici. Manomin rani ya san in ya sako ruwan wata guda rana ɗaya, fangali zai fashe, shuka ta ruɓe. Kaɗan-kaɗan ake ba ta, a kan kari. In aka ɗauki mako 36 na karatu a shekara, aka koyar da iyali uku kowane mako, cikin shekara shida na sakandare an haura 570 ɗin nan har da saura. Amma kowace kalma sai ta dawo, a ji ta, a karanta ta, a faɗe ta, a rubuta ta, a mako na gaba da wata na gaba.

Ta biyu, a koyar da kalma tare da danginta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Yaron da ya san hukunci da hukuma da hakimi da mahukunta daga saiwa ɗaya suka fito, ba zai sha wuya ba in an nuna masa distribute da distribution da distributor 'yan gida ɗaya ne. Da jifa ɗaya ya sami uku.

Ta uku, kada a ji kunyar Hausa cikin ajin Turanci. Malam ya faɗi ma'ana da Hausa cikin daƙiƙa biyar, sa'an nan a koma Turanci a yi ta aiki da kalmar, ya fi a ɓata rabin darasi ana bayyana duhu da duhu. Kayan aiki kuwa akwai su: ƙamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner tun 1965 yake, na Roxana Ma Newman ya fito a 1990. Ya kamata kowace makaranta ta mallaki irinsu tare da ƙamus na Turanci zalla, a kuma koya wa yara yadda ake buɗe su. Wanda ke da wayar hannu a gida, ita ma tana ɗaukar ƙamus.

Ta huɗu, a sa yara karatu mai yawa. Wani masani, Paul Nation, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba yana bukatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Ba malamin da zai iya rubuta wannan adadi a allo. Sai dai yaro ya tsince su da kansa cikin karatu, yau da gobe, da yayyafi kogi kan cika.

Mun san za a ce, ai jarrabawa ba ta tambayar ban ruwa. Wanda ya faɗi haka ya sake duba manhajar Turanci ta WAEC, zai ga an lissafta fannonin da ake so ɗalibi ya san kalmominsu, noma da kiwo da kamun kifi suna ciki, tare da lafiya da shari'a da sha'anin mulki. Za a kuma ce, so kuke ku ɗaure yaranmu a gona? Ko kusa. Gona mafari ce kawai. Wanda ya riƙe kalma da kyau a bakin magudana, zai tafi da ita ajin likitanci ko na lauya. Kuma in wasunsu sun dawo sun zama injiniyoyin ruwa, ko masu bincike a tashar gwajin noman rani ta Kadawa da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wa ya yi asara?

Akwai wata matsala ta gaskiya da ba za mu ɓoye ba. Lokacin tsinkar tumatir da girbin alkama yakan faɗo ne cikin watannin da ke gab da jarrabawa, yara da yawa kuwa hannunsu ake bukata a gona. Ba ma cewa iyaye su bar amfaninsu ya lalace. Amma malam na iya ba kowane yaro ɗan littafin aljihu, ya riƙa rubuta kalma uku na mako da jimlar da ya ƙirƙira daga abin da ya gani a gona ko a kasuwar Kwanar Gafan. Ta haka ranar da ya rasa aji ba ta tafi a banza duka ba.

Ku kuma ma'aikatan ƙananan hukumomi, naku aikin ba mai tsada ba ne. Jaridun da aka gama karantawa a ofis, da takardun bayanin noma da na lafiya da suka yi saura, da fom-fom marasa amfani waɗanda ba su ɗauke da sirrin kowa, a tattara a aika makarantu maimakon a bar wa gara ko masu ƙosai. In ana tsara kasafi, a tuna da akwatin littattafai ko da guda ɗaya ne ga kowace makaranta. Malaman gona da ma'aikatan ruwa kuma a gayyace su aji ko sau ɗaya a zango, su zo da takardun aikinsu, yara su yi musu tambaya da Turanci.

Magabata sun haƙa magudanu sun kawo ruwa inda dā ba a noma sai da damina. Saura mu mu ga cewa 'ya'yan masu gonakin sun iya karanta kowace takarda da ta shafi ruwan nan da ƙasar nan, sun kuma iya rubuta amsarta da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba malamai haƙuri, ya buɗa wa yara ƙwaƙwalwa, amin.