Wa ke da ikon rufe labarinka?

'Yan uwa marubuta, a 2018 hukumar tace fina-finai ta Kenya ta haramta fim ɗin Rafiki na Wanuri Kahiu. Labarin soyayya ne tsakanin 'yan mata biyu a Nairobi, Kena da Ziki, waɗanda iyayensu maza ke takarar kujera ɗaya. An ciro shi daga gajeren labarin Monica Arac de Nyeko 'yar Uganda, wanda ya ci gasar Caine a 2007. A cewar daraktar, an nemi ta sauya ƙarshensa don bai nuna nadama ba. Ta ƙi, ta garzaya kotu, aka ɗage haramcin na kwana bakwai.

Mai ƙyamar jigon yana da damar ƙin kallo, ya kuma soki fim ɗin da hujja. Abin da ban yarda da shi ba shi ne jami'i ya tsara wa marubuci shafinsa na ƙarshe. Mu ma littattafanmu nawa ne tsoro ya sa aka rufe su da haɗarin mota ko tuban dole? Makaranci yana gane ƙarshen da aka liƙa, daga nan kuma ya daina yarda da marubucin.