Bulala Ba Ta Koya wa Yaro Haɗa Baƙi

A ajin firamare ko a zauren makarantar allo, da wuya a rasa yaro guda wanda in an tambaye shi da baki zai amsa tsaf, ya iya lissafin canji, ya haddace sura daga jin ta a bakin yayyensa, amma da an ɗora masa yatsa a kan baƙi sai ya daskare. Ya karanta kalma a layin farko, a layi na uku ta ɓace masa. A gida sunansa daƙiƙi, a makaranta malalaci. Likitoci kuwa sun daɗe da sanin wannan lalura da suke kira disleksiya. Tun a 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta bayanin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tangarɗar tana wajen haɗa harafi da sautinsa a ƙwaƙwalwa, ba ruwanta da ƙarancin hankali, kuma takan bi jini.

In haka ne, abin da ake yi wa irin wannan yaro a gidajenmu zalunci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Alƙur'ani ya tabbatar a ƙarshen Suratul Baƙara cewa Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa, Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da munanan laƙabobi, ba ta kuma ware ɗan da mutum ya haifa ba. Hadisin Nana A'isha da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ma fi kai tsaye: mai karanta Alƙur'ani yana tuntuɓe, yana shan wahala, lada biyu gare shi. Wanda shari'a ta ninka wa lada, da wane dalili uba zai ninka masa dorina?

Za a ce ai mu ma da bulala muka koya. Waɗanda suka koya ɗin su ne ke da bakin magana a yau. Waɗanda suka gudu daga karatu suka ƙare a tasha babu mai ƙirga su. Masu kawo hadisin dukan yaro a shekara goma su lura cewa maganar salla yake yi, bayan shekara uku ana horo da lallashi, kuma a kan wanda ya ƙi ne, ba wanda ya kasa ba. Wasu kuma su ce sammu ne ko shafar aljanu, a nemi tofi da rubutun sha. Addu'a ba ta da na biyu, amma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ɗaurin raƙumin a nan ba ya cin kuɗi da yawa. A fara kai yaro a duba idonsa da kunnensa, don kada a ɗora wa ƙwaƙwalwa laifin ido. Sannan a raba neman ilimi da iya karatu: ya ci gaba da hadda ta kunne, daga bakin malam ko ta waya, domin baki da baki aka fara karɓar Alƙur'ani, a riƙa kuma karanta masa littattafan makaranta yana saurare. Aikin baƙi a yi shi kaɗan kaɗan, kamar minti goma sha biyar kullum, harafi ɗaya ko biyu. Ya furta sautin, ya zana shi da yatsa a ƙasa, ya rubuta a allo da tawada, ya ƙirga ɗigon da ya raba harafin ba da harafin ta. Wannan haɗa ido da kunne da hannu shi ne ginshiƙin tsarin da Samuel Orton da Anna Gillingham suka shimfiɗa a Amurka, kuma allonmu ya riga ya ba mu rabinsa. A boko ma gara a fara da Hausa, wadda galibi yadda aka rubuta ta haka ake furta ta, kafin a jefa shi cikin Turanci, inda harafi guda kan fita da sauti iri iri.

Iyaye, ku je ku zauna da malamin ɗanku, ku roƙe shi ya daina tsayar da shi karatu a gaban 'yan aji, ku kuma hana yayyensa kiransa daƙiƙi tun daga yau.