Bizutaj: abin da uwaye ya kamata su faɗa wa ɗa kafin ya ɗauki jaka

Duk shekara, da zarar an ba da sakamakon BAC, uwaye sai su duƙufa ga lissafi: kuɗin jirgi ko na mota, kuɗin ɗaki, tufafin sanyi ga mai tafiya Turai. Wani ɗan za a kai shi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, wani Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wani kuma Faransa ko Beljika. Ana yi masa nasiha kan salla da abokan banza. Abin da ba a cika ambata masa ba shi ne wulaƙancin da tsofaffin ɗalibai ke yi wa sababbi da sunan maraba, wanda Faransawa ke kira bizutaj.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan yara ne. A watan Disamba na 2018, wani saurayi mai shekara 20, Sanda Dia, ɗalibin injiniya a jami'ar Luven ta Beljika, ɗan wani Ba'afirke, ya nemi shiga ƙungiyar ɗalibai mai suna Reuzegom. Aka ɗura masa giya, aka tsaida shi cikin rami mai ruwan sanyi, aka tilasta masa shan romon kifi mai tsananin gishiri. Ya rasu a asibiti. A 2023 kotun Anbas ta yanke wa samari 18 aikin gayya na awa 200 zuwa 300 da tarar Yuro 400 kowane, wato kimanin jika 262 na sefa. Ɗan kasuwa ya auna da kansa, ko kuɗin sa guda bai kai ba.

Abin lura, Sanda da ƙafarsa ya je. Ya so ya samu shiga cikin ɗiyan manya, yana ganin gobe za su zame masa tsani. Nan ne tarkon yake, shi ya sa dokar Faransa ta 17 ga Yuni 1998 ba ta karɓi uzurin "ai shi ya yarda" ba. Ko da yardar yaro ko babu, wanda ya sa shi aikin ƙasƙanci a makaranta na iya shan wata 6 a gidan kaso da tarar Yuro 7.500, kusan miliyan 5 na sefa. A 2016 an ƙara tilasta shan giya cikin laifin. Ɗan da ya san wannan kafin ya sauka, zai iya cewa a'a da ƙarfin zuciya.

Sai dai mu duba tarbiyyarmu. Mun koya wa ɗa bin na gaba, mun koya masa haƙuri, mun ce namiji ba ya kai ƙara. Duk halaye ne na gari, amma su ne mai bizutaj ke hawa. Wajibi ne uba ya bambance masa: girmama babba daban, tuɓe riga don babba ya yi dariya daban. Ya kuma rantse masa cewa in ya kawo kuka, ba za a kira shi raggo ba, ba kuma za a ce ya tattaro ya komo gida ba, don tsoron rasa karatun ne ke rufe bakin yara da dama.

In an yi waya, "lafiya lau" ba amsa ba ce. A tambayi wa ke kwana ɗakinsa, ƙarfe nawa ya kwanta, ko wani ya karɓe masa kuɗi. Yaron da ya daina kira, ko ya yawaita neman kuɗi ba dalili a makonnin farko, a bi sawunsa. A sami lambar wani dattijo a garin, da ta hukumar makaranta, a kuma rubuta ƙara in ta kama.

Akwai uwayen da ba mu ambata ba: na ƴan shekara ta biyu da ta uku. Samari 18 ɗin nan na Beljika su ma suna da uwaye, kuma galibinsu masu hali ne. Wanda ɗansa ya riga ya zama "tsoho" a jami'a, ya zaunar da shi kafin hutu ya ƙare, ya tambaye shi yadda suke tarbar baƙi.