Fina-finanmu Na Ruɓewa A Kwali, Mu Muna Rabon Kambu

Ka shiga Kano yau da kuɗinka a aljihu, ka ce Sangaya kake so a faifai na asali, cikin kwalinsa, hoto tas, sauti tas, da sunan duk wanda ya yi aikin. Ka zaga Ƙofar Wambai, ka gangara Bata. Da kuɗinka za ka koma gida. Iyakar abin da yaron shago zai ce maka shi ne, "Alhaji, kawo wayarka a tura maka." Fim ɗin da ya fita a 1999, ya ɗaga Ali Nuhu da Fati Muhammad, matan aure suka riƙa aika yara layi a shagon haya saboda shi, yau ba shi da kwafin da mutum zai ajiye a ɗakinsa ya ce wannan nawa ne. Haka Wasila na 2000. Balle Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a 1990, wanda daga kansa ake ƙirga tarihin sana'ar gaba ɗaya.

Abin nan yana ƙona mini rai, kuma ba zan ɓoye ba.

Duk wanda ya buɗe kwalin tsofaffin kaset da aka jefa a sito ya san abin da nake faɗa. Ta ɗan gilashin nan na tsakiya za ka hango farin fumfuna ya bi zaren kamar an barbaɗa gari. Ka sa a bidiyo, zaren ya manne, inji ya tauna shi. Faifan sidi kuma an shanya shi a tire cikin ranar Kano shekara da shekaru, bayansa duk ƙarzuwa, wani gefen ya fara ɓarewa. Yana cikin tafiya sai hoto ya daskare a fuskar jaruma, murya ta sarƙe, shi ke nan. Waɗanda suka tsira daga sito, zarensu yana gona an ɗaure a kara ana korar tsuntsu, faifan kuma yana rataye a bayan keke.

Tun ran gini tun ran zane. Yadda aka gina kasuwar, furodusa kwali yake bugawa ya sayar wa 'yan kasuwa, ya miƙa musu masta su yi ta gurzawa a kaset. Da kasuwar fim ɗin ta mutu, sai masta ya zama kayan da ba mai shi, kowa hankalinsa ya koma kan na gaba. Da sidi ya zo, aka matse hoton ya koma ɗan mitsitsi, faifai ɗaya ba ya wuce kamar minti 80. Sannan masu tura fim a waya suka ƙara matse shi don ya shiga memori. A kowane mataki an zubar da wani abu, kuma abin da ya zube ba ya dawowa sai an koma ga masta.

Kada wani ya ce mini ai suna YouTube. Na gani. Kwafin kwafi ne da aka ciro daga faifai mai ƙarzuwa, an manna sunan tasha a tsakiyar hoto, lambar waya tana gudu a ƙasa, an yanke sunayen ma'aikata don kada mai kallo ya gaji, an canja wa fim ɗin suna don jan hankali. Na ɗaya yana nan, na biyu babu. Ranar da aka rufe tashar, ko mai ita ya ga dama ya goge, ya tafi. Wannan ba ajiya ba ce. Kuma mai ɗaukar hoto da mai sauti da mai haɗawa, waɗanda suka sha rana suka kwana a situdiyo, an shafe sunansu daga aikinsu.

Ga abin da ya kamata ya hana mu barci. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, marigayi Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun, ya yi shekaru ana ɗaukarsa ɓatacce. Sai a 2016 aka gano gwangwanayensa a ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018. Fim ɗin Hausa, labarin da Firayim Ministanmu na farko ya rubuta, sai da Jamusawa suka sa hannu kafin ya sake ganin haske. Na gode musu. Amma kunyar tamu ce.

Dubi yadda wasu ke yi da nasu. Kamfanin Criterion na Amurka tun 1984 sana'arsa ke nan: ya nemo tsohon fim, a wanke hoton, a gyara sautin, a buga shi a faifai tare da hirar waɗanda suka yi shi da ɗan littafin bayani. Har fina-finan Usman Sembene na Senegal, irin su Mandabi, sun samu wannan gatan. Martin Scorsese ya kafa gidauniyar ceto fina-finai a 1990, a 2017 kuma ta haɗa kai da UNESCO da ƙungiyar masu shirya fim ta Afirka don gyara fina-finan nahiyar guda 50. Indiya, wadda muka kwaikwayi rawarta da waƙarta, tana da gidan adana fina-finai a Pune tun 1964. Su ma sai da suka yi asara kafin su farga: Alam Ara na 1931, fim ɗinsu na farko mai magana, ya ɓata. Amurkawa kuwa, binciken ɗakin karatu na majalisarsu a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na manyan fina-finansu na zamanin da ba sauti sun salwanta. Su ba wanda ya gargaɗe su. Mu muna da labarinsu a gabanmu, kuma muna bin sawunsu ido buɗe.

Na san masu cewa ai gara su ɓata, me ke ciki ban da rawa da waƙa. Wannan magana ce ta wanda bai zauna ya kalla ba. A cikin fina-finan nan akwai Kano kafin gadojin sama, akwai tituna cike da 'yan acaɓa kafin a hana su a 2013, akwai ɗaurin ɗankwalin lokacin, da jeren ɗakin amarya, da Hausar da matasa ke yi wadda yanzu ta canja. Ko wanda yake ganin fina-finan sun ɓata tarbiyya, da me zai kafa hujja in babu su? Kuma adanawa daban, yaɗawa daban. In jaruma ta yi aure ba ta son a ci gaba da haska ta, a mutunta ta, a rufe kwafin a ma'ajiya. Ba dalili ba ne na barin aikin mutum ɗari ya ruɓe.

Waɗanda suka riƙe mana amanar nan, ba kowa ba ne illa mutanen da ake yi wa dariya: tsohon mai shagon haya da ya ƙi zubar da kayansa, da matar da ta jera faifanta a ƙasan akwati, da ɗalibin da ke bin kasuwa yana tsinto kwali. Iyalinsu na ce musu masu tara shara. Ba wanda ya ba su ko sisi, ba wanda ya kira su kan dandamali ya ce an gode.

Manyan Kannywood nake wa magana, ku da kuka yi gidaje da motoci da suna daga waɗannan fina-finan. Kuna da ƙungiyar MOPPAN. Akwai hukumar tace fina-finai a Kano tun 2001, akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, akwai malamai a Jami'ar Bayero irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka ƙarar da shekaru kan wannan fanni. Ahmad S. Nuhu ya rasu a 2007, Hauwa Ali Dodo a 2010, Rabilu Musa Ibro a 2014, Allah ya jiƙansu, kuma ba za su dawo su ba da labarin yadda aka yi aikin ba. Kamfanin Funai, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo mai kaset, ya daina tun 2016, don haka duk injin da ya lalace yau ba a ƙera madadinsa. Kuɗin daren rabon kambu guda ɗaya ya isa a sayi injuna masu lafiya, a kama ɗaki mai sanyi, a ɗauki matasa masu juya kaset zuwa kwamfuta, a bi furodusoshi da magadansu gida-gida a karɓo masta da yarjejeniya a rubuce, a biya masu ajiya haƙƙinsu. A fara da fim goma, a buga su a faifai mai inganci da cikakkun sunaye, a zaunar da irin su Ibrahim Mandawari da Ado Ahmad Gidan Dabino gaban kyamara su yi bayani. A bana za a yi, kafin wata daminar ta sake shiga sito.