Ƙungiyoyi masu zaman kansu: su wa za su dawo baɗi?

Duk wanda ya ratsa unguwar Filato a birnin Yamai ya san allunan nan da ke manne a ƙofofin gidaje, ɗauke da sunan ƙungiya da Faransanci, da tambarinta, da tutocin ƙasashen da ke ba ta kuɗi. A bakin ƙofa ga mai gadi, a tsakar gida ga babbar mota an rubuta mata sunan furoje a jiki. Da waɗannan abubuwa ne jama'a suka saba auna ƙarfin ƙungiya mai zaman kanta. Amma wanda ya daɗe a unguwar ya sha ganin an cire allo dare ɗaya, mai gida ya sake ba da haya, ma'aikata sun watse da takardar sallama a hannu. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Tun daga lokacin Babban Taron Ƙasa na 1991 ne ƙungiyoyi suka yawaita a Nijar, bayan gyaran da aka yi a wannan shekarar wa dokar ƙungiyoyi ta 1984. An samu masu kare haƙƙin ɗan Adam irin su ANDDH da Timidria, an samu na makiyaya da na manoma irin su AREN da Mooriben, sannan ɗaruruwa suka biyo baya. Babu mai musun aikin da aka yi wajen gina rijiyoyi da ɗakunan shan magani da bankunan cimaka. Sai dai akasarin kuɗin aikin daga waje yake zuwa, shi kuwa kuɗin waje yana tafiya da iskar siyasa. Bayan juyin mulkin 27 ga Janairun 1996 masu ba da tallafi sun ja hannu, haka aka sake gani a 1999 da 2010. Bayan na 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafinsu. A Janairun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsayar da agajinta na ƙetare, kafin tsakiyar shekara ta rushe hukumar USAID baki ɗaya. Ƙungiyar da ta jingina da bango ɗaya, in ya faɗi tare suke faɗuwa.

Ke nan da me ya kamata a auna lafiyar ƙungiya? Amsar tana hannun ƴan kasuwa tun da daɗewa. Ɗan kasuwar Katako ko na Babbar Kasuwa ba ya yaudarar kansa da cinikin rana ɗaya, komai girmansa. Abin da yake duba shi ne littafinsa: abokan ciniki nawa ne suke dawowa, wa ya daina zuwa kuma don me, kashi nawa na kayansa ne mutum ɗaya ke kwashewa. A ƙasashen da ƙungiyoyi ke rayuwa da gudummawar jama'a, an mayar da wannan littafi cikin kwamfuta, ana kiran shi manhajar kula da masu ba da gudummawa. Akwai ta kuɗi irin Salesforce, akwai ta kyauta irin CiviCRM da ta fito tun 2005, ƙaramar ƙungiya ma tana iya somawa da jadawalin Excel. Aikinta dai shi ne ta adana sunan kowane mai bayarwa, da abin da ya bayar, da ranar, da ko an ba shi rasit an yi masa godiya. Daga wannan rajista ce ake fitar da alƙaluma uku da suka fi kowane rahoto mai hotuna faɗin gaskiya.

Na farko shi ne adadin masu dawowa. A ce mutum 200 suka ba ƙungiya gudummawa bara, bana 80 daga cikinsu suka sake bayarwa: kashi 40 cikin 100 ke nan, sauran 120 sun juya baya. Ko da kuɗin bana sun fi na bara saboda wani attajiri ya yi kyauta mai tsoka, wannan ƙungiya tulu ce mai yoyo. A Amurka ma, inda aka daɗe ana wannan lissafi, masu dawowa daga shekara zuwa shekara ba su kai rabi ba, waɗanda suka bayar karon farko kuwa wajen ɗaya cikin biyar ne ke sakewa.

Na biyu shi ne rabon kafofin kuɗi. Idan kashi 90 cikin 100 na kasafi daga ofishin jakadanci ɗaya yake fitowa, to ƙungiyar ƴar kwangila ce, ranar da kwangila ta ƙare ita ma ta ƙare. Na uku shi ne yawan watannin da za ta iya biyan haya da albashi da kuɗin lantarki daga asusunta na kanta, in aka rufe famfon waje yau. Wannan lissafi yana da muhimmanci domin kuɗin furoje ɗaurarre ne, abin da aka ba da don rijiya ba a biyan hayar ofis da shi.

Wasu shugabannin ƙungiyoyi kan ce duk wannan zancen Turawa ne, wai talakan Nijar ba ya da abin bayarwa. Wannan hujja ba ta tsayawa. Masallatan unguwanni da karo-karo ake gina su, ƴan kasuwa suna fitar da zakka kowace shekara, ma'aikatan gwamnati suna zubin adashi kowane ƙarshen wata. Babban misali shi ne Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta soma da matan karkara a jihar Maraɗi a 1991. Kowane mako mata suna haɗuwa su yi zubi a gaban kowa, akwatin yana da makullai a hannun mata daban-daban, a ƙarshen zagaye a raba bisa lissafi. Ba su jira kuɗin waje ba, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. Abin da ya riƙe shi shi ne kowace mace ta san inda dalarta ta shiga. Ɗan kasuwar da ya ba ƙungiya jika goma, bai ga rasit ba, bai ji labarin abin da aka yi da su ba, don me zai sake bayarwa?

Duk da haka kada a ɗauki na'ura a matsayin magani. Manhaja ba ta ƙirƙirar amana, abin da aka zuba mata shi take nunawa, in an zuba ƙarya ta fitar da ƙarya cikin kyakkyawan zane. Da yawa daga cikin manhajojin an ƙera su ne don masu katin banki, alhali a nan kuɗi ta Nita da Amana da Airtel Money suke yawo, ko kuma hannu da hannu, don haka sai an samu ma'aji mai haƙurin shigar da kowane zubi. Bugu da ƙari, jerin sunayen masu tallafa wa ƙungiya amana ce mai nauyi, musamman ga masu kare haƙƙin ɗan Adam, domin in ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya jawo wa mutane fitina. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, wajibi ne a kiyaye ta.

Abin da ya rage shi ne kowace ƙungiya ta riƙa karanta alƙaluman nan uku a gaban mambobinta a babban taron shekara, kamar yadda ake buɗe akwatin adashi a gaban kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da aka zo wa da takardar neman taimako, shi ma yana da haƙƙin ya tambaya kafin ya sa hannu a aljihu: mutum nawa suka bayar bara, nawa suka dawo bana, wata nawa za a iya riƙe ofis in baƙi suka tafi? Ƙungiyar da ta amsa ta cancanci a taimake ta, ko da a ɗaki ɗaya take a Talladje. Wadda ta kasa amsawa, ko da gidan bene take haya a Filato, a ba ta shawara ta je ta buɗe littafi tukuna.