Tseren Allon Ruwa: Koyar da Yara Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Wasan tuƙa allo a tsaye kan ruwa ya bunƙasa ne a Hawai, aka kuma fara gasarsa ta duniya a Peru a 2012. Matashi kan yi tsere ran Asabar, ran Lahadi ya koyar da yara. Wasu na cewa koyarwar na cinye masa lokacin atisaye. Ni ban yarda ba. Mai nuna wa yaro tuƙi a durƙushe kafin ya miƙe, shi ma hannunsa na ƙara faɗawa. Amma kada a bar shi shi kaɗai da yaran. In iska ta taso daga gaɓa, nan take takan tura allo cikin teku, don haka dole babba ya kasance kusa a kwalekwale, kowane yaro kuma da rigar ceto.